Awakina na zawo, yarona ma na gudawa, idanunsu duk sun yi fari: ciwo ɗaya ne?

Tambaya: Likita, tun da ruwa ya zauna awakina suke zawo. Biyu daga cikin ƙananan sun mutu, wata uwa kuma ƙasan haɓarta ya kumbura kamar an ɗura mata ruwa. Na ba su ja da yalo, zawon ya lafa kwana biyu ya dawo. Ga shi yarona ɗan shekara 4 shi ma mako biyu ke nan yana gudawa, tafin hannunsa ya yi fari, ba ya son wasa. Mahaifiyata ta ce a wurin awakin ya ɗauka, a sayar da su. Gaskiya ne? Kuma wane magani zan saya?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaro lafiya, ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Ni likitan dabbobi ne, awaki da tumaki ne fagena, amma da yaron zan fara, don shi ba ya jira. Kafin ka ci gaba da karatun nan, kira shi waje inda haske yake. Ja fatar idonsa ta ƙasa da yatsa ka dubi cikinta, sannan ka buɗe tafin hannunsa ka jera da naka. In cikin idon ya koma fari fat, ko yana haki alhali a zaune yake, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko akwai jini a bayan gidansa, ko fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu kamar shayi, ko ya kasa shan ruwa, to ajiye wayar ka ɗauke shi zuwa asibitin da ke da ɗakin gwaji da wurin ƙarin jini. Yau, ba gobe ba. Ko ma ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, gudawar da ta cika kwana 14 a jikin yaro ta wuce aikin kyamis.

In kun je, abu uku nake so ka tabbatar an yi: awon yawan jini, wanda ake ce wa PCV, da gwajin maleriya, da gwajin bayan gida. In ba a taɓa duba masa sikila ba, a haɗa da shi. Yaro kamar naka, mai kilo 13 ko 14, duk jinin jikinsa bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba, shi ya sa abin da babba zai jure shi yake kayar da shi. PCV ɗin yaro mai lafiya yakan kai 33 ko fiye. In ya sauko ƙasa da 21 rashin jinin ya yi tsanani. In ya kai 12 ko ƙasa da haka, ko yana tsakanin nan da 18 ga kuma haki, ƙarin jini za a yi, kuma kada ka tsaya jayayya. Ka tafi da ɗan'uwa ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ko da za a nemi wanda zai bayar.

Maganar Inna kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ta hango wani abu na gaskiya, sai dai ta ɗora laifin inda ba nan yake ba. Tsutsar da ke shanye jinin akuya ba ta zama a cikin ɗan Adam, wadda ke shan jinin yaro ita ma ba ta da abin yi a cikin akuya. Kowace da kiwon da ya karɓe ta. Abin da ya haɗa yaronka da awakinka damina ce: ƙasa mai laima, ɗumi, kashi a tsakar gida, ga sauro. Ko gobe ka kai su kasuwa, a wulaƙance za ka sayar, don ba dillalin da zai ga akuya mai kumburarriyar haɓa ya yi mata kuɗin kirki, yaro kuma yana nan yadda yake. Akwai 'yan cututtukan da suke ƙetarowa daga dabba zuwa yaro, zan zo kansu, amma maganinsu gyaran gida ne, ba rabuwa da dukiya ba.

To, awakin. In aka ce min akuya ko tunkiya ta yi fari a ido tsakanin Yuli da Satumba, tun kafin a kawo kashinta hankalina ya riga ya tafi kan tsutsa guda, wadda a littafi ake kira Himonkus. Siririya ce kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3, kuma a ciki na huɗu take zama, wato na ƙarshe kafin a shiga hanji. In aka yanka dabbar aka buɗe wurin da ɗuminsa, za ka gan su suna motsi, matan da ratsin ja da fari a murɗe kamar igiya. Jan nan hanjinta ne cike da jinin akuyarka, farin kuma mahaifarta ce maƙare da ƙwai. Kowace ɗaya tana jawo asarar kusan kashi ɗaya cikin 20 na mililita a rana. A ido ba komai ba ne. Amma guda 1,000 sun tashi mililita 50 ke nan, cokalin shayi 10 na jini kullum, alhali ɗan akuya mai kilo 10 duk jininsa bai wuce mililita 700 zuwa 800 ba. A tsakiyar damina kuwa dubbai ake samu a ciki ɗaya. Yi lissafin da kanka, za ka ga yadda ƙananan naka biyu suka tafi.

Mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, su fito cikin kashi. In akwai laima da ɗumi, kafin mako ya zagayo sun ƙyanƙyashe sun zama 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi da ido ba ya gani, su bi raɓa su hau ciyawa, galibi ba sa wuce tsawon yatsa daga ƙasa. Akuya ta haɗiye su, bayan kamar mako uku su ma sun fara ƙwai. Abin da ya fi ɗaure min kai game da ita tun ina ɗalibi shi ne yadda take tsallake rani. Ranar Maris da Afrilu tana ƙone duk wadda ke ƙasa, amma waɗanda dabba ta haɗiya a ƙarshen damina sai su nutse cikin bangon ciki su yi lamo, ba ci ba girma, har wata da watanni. Da bazara ta kawo jiki sai su farka. Wato tsutsar da ta fara ɓarna a garkenka bana, tun kakar bara take kwance a cikin uwayen. Uwa mai sabuwar haihuwa kuma garkuwar jikinta takan yi rauni, ta riƙa zubar da ƙwai ninkin na sauran, daidai lokacin da 'ya'yanta suke koyon tsinkar ciyawa a gefenta.

Mu ma muna taimaka mata. Akuya da Allah ya halitta da miƙa wuya ta ci ganyen sama, da an yi shuka sai mu ɗaure ta a turke ɗaya wata huɗu, mu yanko jiƙaƙƙiyar ciyawa da asuba mu zube mata a ƙasa kan kashinta. Jar akuyar nan tamu ta Sakkwato da Maraɗi tana da juriya, amma ba ta kai ta jure wannan ba.

Ga inda masu kiwo da yawa suke ruɗewa. Himonkus ita kaɗai ba ta cika sa zawo ba. Sau da yawa kashin dabbar ƙwaya-ƙwaya yake, a bushe ma. Wani bawan Allah ya taɓa kawo min gawar ragon da yake turkawa don layya, yana rantsuwa sammu aka yi masa, tunda a cewarsa ragon bai taɓa zawo ba, yara ne kawai suka kora shi ya faɗi bai tashi ba. Da muka buɗe, naman fari sol, jinin kamar ruwan wankin nama, cikin kuma tsutsa ce dam. Zawo shi ke da surutu, shi mai gida ke gani, amma rashin jini ke kisa a ɓoye. Tunda naka sun haɗa biyun, to baƙi fiye da ɗaya ne a gidan. Akwai wasu tsutsotsin da ke zama a hanji suna kankare bangonsa, har da wadda ke barin ƙulalai a jikin hanji, mahauta sun san ta sarai don tana ɓata musu kayan ciki. A ƙanana 'yan wata ɗaya zuwa shida akwai koksidiya, wadda ba tsutsa ba ce, wata ƙaramar halitta ce da ke fasa ƙwayoyin bangon hanji, ta sa zawo mai wari, wani lokaci da jini da yauƙi, ɗan akuya ya riƙa yunƙuri yana kuka. Ita ce dai 'yar'uwar koksin da masu kaji ke fama da shi in shimfiɗa ta jiƙe, kaza ta yi kashin jini, tukkunta ya koɗe, amma ta kaji ba ta kama akuya. Sabuwar ciyawa mai ruwa ma kan sa kashi ya saki ba tare da wani ciwo ba. Ja da yalo da ka ba su ƙwayoyin bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa tsutsa ko kaɗan, shi ya sa abin ya lafa ya dawo.

Abu ɗaya zai sauya min magana. In ka ga majina da kwantsa, gyambo a baki, zazzaɓi da tari, kuma ciwon yana bin garke ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki, musamman bayan ka shigo da sabuwar akuya daga kasuwa, to annobar awaki da tumaki ce da ake kira PPR. Ita rigakafi ne maganinta, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin allurar, kuma ya kamata ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Kumburin haɓar nan kuwa ba ƙari ba ne, kada ka bari a tsaga ko a yi mata lalas. Tare da jinin da tsutsa ke zuƙewa akwai sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. In ya yi ƙasa, ruwa sai ya tsiyaye ya taru inda ya fi gangara, ita kuma akuya wuni take kai a sunkuye. Lura da kyau, za ka ga kumburin yana raguwa da safe, ya dawo da yamma. Dalili ɗaya ne da wanda ke kumbura ƙafar yaro mai tamowa.

Yadda ka duba idon yaronka, haka za ka bi awakin ɗaya bayan ɗaya. A Afirka ta Kudu, inda wannan tsutsa ta addabi masu tumaki, an ƙirƙiro wani kati mai launi biyar da ake kira FAMACHA, sunan da aka ciro daga na likitan dabbobi Faffa Malan. Na ɗaya ja jawur, na biyar fari fat, ana kara shi da cikin fatar idon dabba. Ko ba ka da katin, idonka ya isa ya raba ja da ruwan hoda da fari. Mai ja ƙyale ta. Mai fari da mai koɗaɗɗen ruwan hoda su ne na magani yau. Na tsakiya kuma, in ƙanana ne ko masu shayarwa ko masu zawo, a haɗa da su. Ka maimaita dubawar duk mako biyu har ruwa ya ɗauke. Hikimar barin masu jan ido ita ce, a kowane garke 'yan tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar, kuma in kana ɗura wa kowa magani kowane wata, tsutsotsin da magani ba ya ci su kaɗai za su rage su hayayyafa, wata rana ka wayi gari ba abin da ke aiki. Sai dai a halin da kake ciki, da mutuwa biyu a ƙasa, duk ƙananan da uwayensu ka ba su wannan karon.

Magungunan da ke kasuwarmu su ne albendazol, lebamizol da ibamektin, sai kulosantel a wasu wurare. Ba zan rubuta maka adadi a nan ba, don ƙarfinsu ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, amma ga abin da ba a faɗa wa mutane. Jikin akuya yana saurin narkar da magani fiye da na tunkiya, saboda haka adadin da aka rubuta don tunkiya ya yi mata kaɗan. A albendazol da ibamektin kusan ninki biyu take buƙata, a lebamizol ɗaya da rabi, kuma shi lebamizol kada a kuskura a zarce, yana sa dalala da karkarwa har mutuwa. Kada a yi kintace da ido, a sa dabba a buhu a rataya a sikelin awon hatsi. A ba da ta baki, can bayan harshe. Albendazol kuma ba a ba akuyar da ba ta wuce mako shida da ɗaukar ciki ba, yana iya lalata ɗan tayi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙwaya ɗaya ta shanu a gutsuttsura wa awaki biyar, ko maganin da ya wuni a rana kan tabarma ranar kasuwa, ba lamba ba kwanan wata. Koksidiya maganinta daban, amfuroliyam ko dangin salfa, shi ya sa yake da kyau ka kai kashin uku ko huɗu daga cikinsu a leda, sabo, a duba a madubin gwaji. Ka kuma karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

Magani yana kashe tsutsa ne kawai, jinin da ya tafi kuwa sai an yi makonni kafin ya dawo. Mai farin ido a bar ta a inuwa, kada yara su kora ta, a ba ta harawa da dusa da kowar wake, da 'ya'yan gawo in akwai ajiya, mai zawo kuma a riƙa ɗura mata ruwan gishiri da sukari a hankali. Allurar sinadarin ƙarfe tana taimakawa. A share turke kullum, a sauya masa wuri, a rataye ciyawa ko a zuba a kwami maimakon ƙasa, a bar raɓa ta bushe kafin a yanko. A sake ba su magani in ruwa ya ɗauke da kuma gab da faɗuwar ruwan fari, don a tarar da masu lamon nan. Sassaƙen maɗaci da bagaruwa da iyayenmu ke jiƙawa ba na raina su, ɗacin da baurin nan suna rage wa tsutsa ƙarfi, amma akuyar da idonta ya riga ya yi fari ba ta da kwanakin jiran jiƙo. Kanwa kuwa ba ta kashe tsutsa.

In awakinka suna kiwo a fadama ko bakin dam, a ƙara da tsutsar hanta, mai faɗi kamar ganye, wadda ke bi ta jikin katantanwar ruwa. Ita ma tana kawo farin ido da kumburin haɓa, ta fi bayyana daga kaka zuwa rani, kuma ibamektin shi kaɗai ba ya kashe ta. A shanun da suka yi mashekari a kudu kuwa, rama da rashin jini sai a fara tunanin sammore.

Mu koma kan yaro, abin da abokan aikinmu na asibitin mutane za su nema. A wannan wata, a ƙasarmu, wanda ake fara tuhuma maleriya ce. Ita ba ta zubar da jini waje, a cikin jijiya take farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma a ƙananan yara takan zo da amai da gudawa har a ɗauka ciwon ciki ne. Na biyu abinci. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Yaron da ya tashi kan koko da tuwo da miyar da ba nama dama a bakin rami yake, gudawar mako biyu turawa kawai take yi. Hanji ya ƙi tsotsar abinci, yaro ya ƙi ci, a gida kuma a ce a rage masa abinci har cikin ya tsaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Sai tsutsotsin mutane. Wadda ta yi kama da ta awaki a ɗabi'a ita ce tsutsa mai ƙugiya, tsawonta kusan santimita ɗaya, tana kafa baki a bangon ƙaramin hanji tana tsotsa. Ba ta baki ta fi shiga ba, ta fata ce. Ƙwanta yana fita a bayan gidan mutum, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai yashi da laima da inuwa, irin bayan gari da gindin bishiya inda ake tsugunawa, yaro ya taka ba takalmi, ta huda tsakanin yatsu, ta bi jini zuwa huhu, ya yi tari ya haɗiye ta. Wani Bajamushe mai bincike a Alƙahira, Arthur Looss, shi ya gano haka a ƙarshen ƙarni na 19, bayan ruwa mai ɗauke da 'ya'yanta ya zube masa a hannu, wurin ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya ga ƙwai a bayan gidansa. Irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma yana shan kusan kashi 3 cikin 100 na mililita a rana, a hankali take cin mutum, ta fi nauyi a manyan yara da manoma da mata masu ciki, kuma yaron da ta cinye yakan kama cin ƙasa. Akwai kuma mai kama da bulala da ke zama a babban hanji, wadda in ta yi yawa take kawo atuni mai daɗewa har dubura ta fito, a gida a ce basir ne. In yaron yana wanka a rafi ko kududdufi, a gaya wa likita, don tsargiya iri biyu ce: wadda kowa ya sani mai fitsarin jini, da ta hanji mai gudawa da jini da kumburin saifa. Maganinta firazikwantel ne, maganin tsutsa na yau da kullum ba ya yi mata komai.

Yanzu ga rabon gaskiyar Inna. Kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa yara gudawa, irin su salmonela da wata da ta fi yawa a 'yan maruƙa da 'yan awaki masu zawo. Mafi haɗari wani nau'in E. coli ne da aka fara ganewa a Amurka a 1982, bayan mutane sun ci niƙaƙƙen naman shanu da bai gasu ba. Yana zaune a hanjin shanu da awaki lafiyayyu ba ya yi musu komai, amma a yaro yakan kawo gudawar jini, bayan kamar mako guda, daidai lokacin da ake murna ciki ya tsaya, sai yaro ya yi fari, fitsari ya ɗauke, saboda gubarsa ta lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda tana yayyaga ƙwayoyin jini. Dalilin da ya sa na tambaye ka fitsari tun farko ke nan, kuma dalilin da ya sa ba a ba yaro ƙwayar tsayar da gudawa, ba a kuma ɗura masa Flagyl da kashe-ƙwayoyin kyamis ba tare da gwaji ba. A raba turke da inda yara ke wasa da inda ake girki, a tafasa nono, a wanke hannu da sabulu bayan sharar turke, a rufe bakin rijiya kada ruwan sama ya koro taki ciki.

In kuwa ana haƙar zinariya a yankinku, akwai wani abin da zan so ka ambata wa likita da bakinka. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagi ne suka fara ƙarewa ba wanda ya kula, sannan yara suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga, fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa cike da dalma, ita ma tana hana jiki yin jini. Duk lokacin da dabba da yaro suka kwanta tare a gida ɗaya, ana duba abin da suke taka da abin da suke sha.

Kafin ku isa asibiti, da kuma bayan kun dawo, ruwan ORS bayan kowace fita, rabin kofi zuwa kofi ɗaya, kurɓi-kurɓi. In babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ƙwayar zink mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da cikin ya tsaya. Kada a hana shi abinci. Maganin tsutsa na mutane, albendazol miligiram 400 a tauna sau ɗaya ga wanda ya kai shekara 2, rabi ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyu, mai kama da bulalar nan kuma sai an yi kwana uku ana sha. Sunan ɗaya ne da na awaki, amma don Allah kada a gutsura wa yaro na dabbobi. In masu rabon maganin maleriya na damina suna zuwa gida-gida a garinku, a tabbatar yana shanye na kwana ukun duk wata, ya kuma kwana cikin gidan sauro. A sa masa takalmi, ya yi bayan gida a fo a zuba a masai.

Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗawa wai ƙarin jini, asarar kuɗi ce, ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba, madara ma tana rage shigar wanda ke cikin abinci, haka shayi in an sha shi tare da cin abinci. Da kuɗin a sayo hanta ko kifi ko ƙwai, a dafa wake da zogale da alayyafo, a bi shi da gwaba ko lemo. In likita ya rubuta maganin ƙarfe, wata uku ake sha ba mako ɗaya ba, kuma zai mayar da bayan gida baƙi, kada Inna ta tsorata ta ce a daina. Mai sikila da mai tamowa mai tsanani ba a fara musu shi sai da izinin likita.

In kun dawo, turo min adadin PCV ɗinsa da abin da aka gani a gwaje-gwajen, da yawan awakin, nawa ne masu jan ido, nawa masu fari, nawa ke da ciki, da hoton kwalbar maganin da ka samu gaba da baya, sai in fitar maka da adadin kowace. A gaida Inna.